Wutar Jaji da Kiryar Fannami

A shekarar 1978 Fannami ya fara ganin Jaji, cikin makon ƙarshe na watan Nuwamba, kuma hayaƙi ne ya haɗa su. A lokacin Fannami saurayi ne a ƙauyensu na Barebari da ke kudancin Borno, mil bakwai daga bakin kwalta. Jaji kuwa wani siririn Bafulatani ne da ya biyo shanun mahaifinsa har can. Ya ƙyasta ashana a busasshiyar ciyawa don sabon toho ya fito wa dabbobi, kamar yadda ya ga manya suna yi, sai iska ta juya. Kafin la'asar wutar ta cinye dangar bayan gidan su Fannami da tarin karan dawa. Ta bi ta ƙarƙashin babbar kiryar da ke bakin gona ta babbake mata gindi, amma ba ta kashe ta ba. Wadda ta kashe ita ce wata ƙaramar kirya da ke kusa, mai tsawon mutum, wadda mahaifin Fannami ya yi shekara shida yana kare ta daga awaki.

Aka kamo Jaji aka kawo shi gaban mahaifin Fannami, toka har gira. Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce shi Babarbare ba zai kai Bafulatani gaban alƙali ba, domin bai taɓa jin inda mutum ya kai ƙarar bawan gidansa ba. Ya sa aka ba shi ruwa ya sha.

"Tafi abinka," in ji tsohon. "Amma ka riƙe a ranka, ina bin ka itace ɗaya."

Wanda bai san wasan Fulani da Barebari ba zai ji maganar da nauyi. Su a wurinsu alfarma ce. Kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa, su zagi juna a gaban jama'a, wannan ya ɗauke wa wancan hula ko goro, ba a fushi, ba a kai ƙara. Haka aka gada.

Shekara talatin da shida ba su sake haɗuwa ba. A 2014 tashin hankali ya kori Fannami daga Borno, ya sauka Gombe a bayan babbar mota da iyalinsa da abin da hannu zai iya ɗauka. Ya kafa teburin turare a Kasuwar Gombe, sana'ar da ya koya a Maiduguri tun yana saurayi. Wata rana wani farin tsoho mai sanda ya tsaya yana taya kwalbar humra. Fannami ya dube shi, ya sake dubansa, ya ce, "Ina itacenmu?" Sandar ta faɗi daga hannun Jaji. A makon nan Jaji ya samo masa ɗaki biyu a unguwar Kagarawal, inda shi kansa ya zauna bayan ya sayar da yawancin shanunsa. Tun daga ranar, tambayar nan ta zama gaisuwarsu.

Abin da ke damun Fannami a shekarar da nake ba da labari, wato 2023, ƙarami ne a ido. Shekara biyu kafin nan ƙanensa Abba Gana ya samu ya leƙa ƙauyen. Ya tarar da bango ba rufi, ya tarar masu gawayi sun sare babbar kiryar. A gindin kututturen ya tsinto 'yan kwanson da suka rage, ya fasa, ya kawo wa wansa ƙwaya arba'in cif. Fannami yana da ɗan fili a bakin Kagarawal, ƙafa hamsin da hamsin, bai gina ba tukuna. Burinsa jikokinsa da aka haifa a Gombe su tashi su ga itacen gidansu a tsaye. Damina biyu yana shukawa, ko ɗaya bai tsiro ba. Saura goma sha ɗaya, kuma babu inda za a sake samo wasu.

Ranar wata Talata ce a farkon watan Mayu, wajen ƙarfe goma na safe, Jaji ya iso teburin turaren.

"Lafiya ƙalau muka kwana, sai da na ga fuskarka," in ji Fannami, bai ko ɗago daga kwalaben da yake gogewa ba. "Ina itacenmu?"

"Yana tafe," in ji Jaji. "Haka bawa yake gaida ubangidansa a garinku? Tashi ka ba ni kujerar."

"Kujera ta masu nauyi ce. Kai ko a kan tsintsiya ka zauna ba za ta lanƙwasa ba. Ga benci can. Iska ce ta kawo ka?"

"Keke na hau."

"Mai keken ya san ya ɗauko mutum kuwa? Ina jin ya ɗauka sanda aka jingina masa a baya."

"Ya sani mana. Da na ce masa wurin Kolejo mai turare za ni, sai ya yi mini jaje." Kolejo shi ne Babarbare a bakin Fulani, kamar yadda Fannami yake kiransa Fulata. Jaji ya zauna a bencin, ya ɗora sanda a cinya. "Uwargidana Dada ce ta aiko ni turaren wuta. Jikarmu ta sauka, namiji, jibi suna."

"Masha Allah! Allah ya raya, an ƙara mini bawa ɗaya. Amma turare a gidan Fulata ai ɓarna ce. Warin kashin shanu zai cinye shi tun bai kai bakin ƙofa ba."

"Wancan shi ne warin arziki. Ku da ba ku da ko ɗan maraƙi, sai ku ƙona itace ku shaƙa ku ce kun ƙoshi."

"Mu muka koya muku wanka."

"Mu muka koya muku shan nono. Kafin nan da kunun tsamiya kuke yaye 'ya'ya, shi ya sa fuskarku take a tsuke har yau."

Fannami ya yi dariya, ya jawo babban kwanon turaren ya fara aunawa. Sai idon Jaji ya sauka a ƙarƙashin tebur, inda aka ajiye ɗaurin baƙaƙen ledoji irin na masu renon itatuwa, da ɗan ƙullin takin zamani.

"Wannan fa? Ka fara sayar da leda ne? Turaren ya ƙi?"

"Ba ruwanka."

"Komai na bawa ruwan ubangida ne. Kiryar ce har yanzu?"

Fannami ya ajiye kwanon turaren. Can ya sa hannu a aljihun ƙirji ya ciro wani ɗan gwangwanin turare, ya buɗe a hankali. A ciki akwai auduga, a kan audugar ƙwayoyi goma sha ɗaya, baƙaƙe masu sheƙi.

"Bana a leda zan sa su," ya ce. "An ce mini ƙasar filin ce ba ta da ƙarfi."

Jaji ya ɗauki ɗaya ya kai baki ya gwada ta da haƙori.

"Kai! Ajiye! Haƙoranka huɗu suka rage, kana so ka bar mini ɗaya a kan tebur?"

"Wannan ba iri ba ne, tsakuwa ce," in ji Jaji, ya mayar da ita. "Taurin kai irin na masu ita. Faɗa mini yadda ka shuka na bara."

"Yadda ya kamata. Na tankaɗe ƙasa da rariya. Na zaɓi inuwar darbejiyar nan ta jikin katangar maƙwabci, don kada rana ta dake su. Ruwa safe da yamma, ruwan randa mai sanyi."

"Fifita fa? Ka yi musu fifita?"

"Fulata."

"Ka shafa musu humra? Ka sa matarka Hassana ta yi musu waƙar reno?"

"Hassana addu'a ta tofa, ba waƙa ba."

"To, ai shi ke nan. Ka mai da su amare, sun kwanta suna jin daɗi, me zai fito da su? Ni ma in ka sa ni a auduga kana ba ni ruwan sanyi, ba inda za ni." Jaji ya gyara zama. "Hanya biyu ce. Ta farko, ka kawo su in zuba wa farar saniyata a dusa. Ta haɗiye, cikinta ya dafa ɓawon, bayan kwana biyu ka bi ta da kwano."

"In bi saniya da kwano."

"Ai aikin da ya dace da kai ke nan tun farko."

"Irin itacen ubana ya fito ta bayan saniyar Fulata? Jikokina su tambaye ni asalin itacen in ce musu me?"

"Ka ce musu ta hanyar manya ya biyo. To, in ba ka so, saura ta biyu. Ka ƙona su."

Fannami ya rufe gwangwanin, ya kwashe da dariya har da buga tebur, kwalabe suna ƙara.

"Na san nan za a zo! Mutumin da ya ƙone mana danga! Shekara arba'in da biyar, har yanzu ashana ce maganinka na komai. In kanka yana ciwo ma ƙona shi kake yi?"

"Da gaske nake."

"Da gaske kake ran da ka ce mini saniyarka tana jin Larabci."

"Tana ji."

"Da gaske kake ran da ka ce ka kama kura da hannu ɗaya a Dukku."

"Da hannu biyu ne, na rage don kada ka ji kunya."

Matsalar wasa ke nan. Shekara tara Jaji yana zuba wa Fannami ƙarya a kan bencin nan, da fuska ɗaya da murya ɗaya. Yau da gaskiya ta zo, a cikin rigar nan ta zo, Fannami bai gane ta ba.

Jaji ya bari ya gama dariyar. Sa'an nan ya yi ƙasa da murya.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Da damina ta zagayo bayan gobarar nan, na koma ƙauyenku. Ba wanda ya aike ni, kunya ce ta kai ni. Kai an riga an tura ka Maiduguri. Ban shiga gida ba, na tsaya a bakin gona. Ka san wutar gefe ɗaya na babbar kiryar ta bi, gefen gabas. To, a gefen nan 'ya'ya sun fito kamar gashin kai. Na ƙirga har sittin na gaji. Na zagaya gefen yamma, inda wutar ba ta taɓa ba, ciyawa har gwiwa, kirya ko ɗaya babu."

"Ina suke, sittin ɗin?"

"Awakinku suka cinye. Akuyar Babarbare ai ba ta san amana ba."

"Ka ga ni ko. Shaidarka tana cikin akuyar da ta mutu tun zamanin soja."

"Ka saurara, Kolejo. Ni a daji na tsufa, ba a cikin kwalba ba. Ƙwayar nan Allah ya yi mata sulke. Ruwa ba ya ratsa ta. Za ta kwanta a ƙasa shekara da shekaru tana jira. In wuta ta bi ta kanta a guje, zafin ya taɓa ɓawon ya tsage. Ciyawar da ta tare mata rana ta tafi. Tokar ta zama abincinta. Ruwan farko yana sauka ya tarar da ƙofa a buɗe. Haka kalgo, haka ɗunɗu. Kai kana ganin baƙin fili ka ce daji ya mutu, ka dawo bayan wata biyu ka rasa inda za ka sa ƙafa."

"In haka ne, me ya sa ƙaramar kiryar ubana ta mutu?"

Jaji ya sunkuyar da kai, ya ɗan juya sandar a cinyarsa.

"Don wuta iri biyu ce. Akwai mai wucewa da sauri kamar wadda ake kora. Akwai mai zama ta ci ta ƙoshi. A gindin ƙaramar kiryar nan kuka jingina karan dawa, wutar ta samu abinci ta zauna. Ni kuma yaro ne, ban san a duba iska ba, ban san a share gefe ba. Ba kowace wuta nake yabo ba. Wadda ake sakewa tsakiyar rani ba mai tsaronta, ita ba ta barin uwa ba ta barin 'ya." Ya miƙa hannu ya ɗauki guntun icen turare daga kwano. "Kai da kanka. Wannan in ka naɗe shi a auduga shekara goma, zai cika ɗaki da ƙamshi?"

"Sai an ɗora shi a garwashi."

"In ka jefa shi tsakiyar murhu fa?"

"Ya ƙone a banza."

"To."

Fannami ya dubi icen, ya dubi gwangwanin. Maganar ta shige shi, kuma bai so ta shige shi ba. Da arba'in ɗin suna nan, da ya ce a gwada da goma. Amma goma sha ɗaya ne, kuma mai ba da shawarar shi ne Jaji.

"A'a," ya ce. "Ba zan sa wa abin da ya rage na gidanmu wuta da hannuna ba. Wadda aka riga aka sa masa ta ishe shi."

Daidai nan Madam Edna ta iso, wata malamar firamare daga Nasarawo wadda ba ta sayen humra a wurin kowa sai Fannami. Ya tashi ya juya yana sauko mata da kwalabe daga kanta, tana shinshinawa tana cewa wannan ya yi ƙarfi, wancan na 'yan mata ne. Da ya sallame ta ya juyo, sai ya ga gwangwanin a buɗe, Jaji a tsaye, tafin hannunsa a shimfiɗe don kowa ya gani.

"Biyar na ɗauka," in ji Jaji da ƙarfi, yadda maƙwabtan tebur za su ji. "Rabon ubangida."

Mai sayar da tasbaha na gefe ya yi dariya, mai agogo ma ya yi. A ƙa'idar wasa ba abin da Fannami zai iya. Abin da abokin wasa ya ɗauka a fili ya ɗauku.

"Jaji," ya ce. Rabon da ya kira shi da sunansa har ya manta. "Wannan ba wasa nake ba."

"Ni ma," in ji Jaji. Ya ƙulle ƙwayoyin a bakin rawaninsa, ya ɗauki turaren Dada, ya bi ta cikin masu dako ya tafi.

Fannami ya je suna ranar Alhamis. Ya ci tuwo, ya ɗauki jaririn ya ce hancinsa kawai ya isa a rataye ƙwarya, mata suka yi shewa. Amma bai tambayi Jaji komai ba, Jaji ma bai ce komai ba. Ranar Asabar ya kai ledojinsa fili, ya cika shida da tankaɗaɗɗiyar ƙasa da taki, ya sa ƙwaya ɗaya a kowace, ya jera su a inuwar darbejiya. Da ya miƙe zai tafi, ya hango wani baƙin tabo a kusurwar gabas, inda rana take duka tun safe. Faɗinsa bai fi tabarmar sallah ba. An share gefensa tas da fartanya, tokar ciyawa a kwance a tsakiya.

Ya daɗe a tsaye. Ya ce a ransa, shi ke nan, biyar sun bi sauran gidan. Daga ranar ya daina duban kusurwar. In ya zo ba da ruwa, sai ya shiga ta yamma ya fita ta yamma.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka ranar ashirin da uku ga wata. Aka yi na biyu, aka yi na uku. Gombe ta yi kore, rafukan da ke ratsa unguwanni suka fara gudu. A ledojin Fannami ciyawa ta fito, ya cire, ta sake fitowa. Jaji ya ci gaba da zuwa kasuwa, ana gaisawa, ana taɓa wasa sama-sama, kamar miyar da aka manta gishiri. Ko "ina itacenmu" Fannami ya daina cewa, don tambayar ta daina ba shi dariya.

Wata Lahadi a ƙarshen watan Yuni, da hantsi, ya shigo filin da butarsa, sai ya ga mutum tsugune a kusurwar gabas. An kewaye wurin da ƙayar magarya har gwiwa.

"Wane ɓarawo ne a filina?"

"Mai filin ne," in ji Jaji, bai juyo ba. "Zo ka cire takalmi, akwai manya a nan."

Fannami ya matso a hankali. A cikin kewayen, a tsakiyar ƙasar da har yanzu take da duhun toka, wasu 'yan tsirrai uku suna tsaye. Mafi tsawonsu bai kai inci huɗu ba. Ganyensu ƙanana ne, a jere biyu-biyu a jikin siririn reshe. Fannami ya san ganyen nan. A ƙarƙashinsa aka yi masa aski na farko, a ƙarƙashinsa mahaifinsa yake shimfiɗa buzu.

Ya tsuguna. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya miƙa yatsa zai taɓa, ya fasa.

"Bagaruwa ce," ya ce. "Ka tono bagaruwa a bakin rafi ka dasa."

"Ina ƙayarta?"

"Ba ta fito ba tukuna. Bagaruwar Fulata ce, rowa ta hana ta fid da ƙaya."

"To, bari in tuge su tunda bagaruwa ce."

"Taɓa ka gani! Wallahi in ka taɓa sai na sayar da kai a kasuwar dabbobi ta Tike a haɗa da awaki."

Jaji ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Fannami ya goge ido da bakin hula, ya ce tokar ce ta shiga masa, ko da yake ruwa ya kwantar da tokar tun wata guda.

"Yaya ka yi?"

"Na binne su zurfin gaɓar yatsa. Na baza busasshiyar ciyawa sama-sama, runguma ɗaya, ba kara, ba itace. Na jira safiya, iska ba ta tashi ba. Kafin in gama karanta Fatiha wutar ta wuce. Wannan karon na duba iska, Kolejo. Sau uku na duba."

"Biyar ka ɗauka."

"Biyu ba su fito ba. Ko sun dahu, ko suna fushi. Ban ce maka wuta ba ta cin rabonta ba." Ya nuna ƙayar da haɓa. "Wannan kuma saboda awakin unguwa. Na ji an ce akwai jinin Borno a cikinsu."

Fannami ya tashi ya nufi inuwar darbejiya. Ya zazzage ledojin nan shida ɗaya bayan ɗaya a kan buhu, yana murza ƙasar da yatsu. Biyu sun ruɓe. Huɗu suna nan yadda ya sa su, baƙaƙe, masu sheƙi, ko alamar kumbura babu. Ya goge su da rigarsa, ya dawo ya kama hannun Jaji ya zuba masa a tafi.

"Ƙona."

"Me ka ce? Kunnen nan nawa ya tsufa."

"Na ce ƙona, ɗan gobara!"

"Yanzu? Ina ka ga busasshiyar ciyawa a watan nan? Mayar da su audugarka sai baɗi, sun saba jira." Jaji ya dubi gindin darbejiyar. "Na bara da na bara waccan, a can ka binne su?"

"A can. Ashirin da tara."

"Kada ka bari a tona wurin. Ban ce duka ba, amma ina jin wasu suna nan suna barci. In rani ya yi, za mu tashe su."

Fannami ya juya ya dubi ƙasar da ya yi shekara biyu yana wa kallon maƙabarta. Suka zauna a kan tubalan da ke gefe, rana tana hawa, suna kallon 'yan tsirran nan uku.

"Kirya ba ta sauri," in ji Jaji can. "Ni da kai ba za mu sha inuwarta ba."

"Na sani. Jaririn nan naku zai sha. Zan bar wasiyya a riƙa barinsa yana share ganye."

"Shi zai riƙa karɓar haraji a gindinta."

Washegari Litinin, wajen ƙarfe goma, Jaji ya ɓullo ta cikin masu dako, sanda a kafaɗa. Fannami ya hango shi tun daga layin masu agogo. Ya ajiye tsumman goge kwalba, ya gyara murya, ya buɗe baki.

"Ina..."

Sai ya tsaya. Jaji ma ya tsaya a gaban tebur yana jira, fuskarsa ba ta nuna komai ba, kamar bai san abin da ya hana tambayar ƙarasawa ba. Itace ɗaya mahaifinsa ya ce yana bin Jaji, ga shi an biya da uku. Jaji bai ambata ba jiya, bai ambata ba yau, kuma Fannami ya gane ba zai taɓa ambata ba.

Dariya ta ƙwace masa. Ya tashi, ya kakkaɓe matashin kujerar da hannu, ya juya ta wajen Jaji, shi kuma ya koma kan benci.

"Zauna, Fulata. Amma ka riƙe tebur, kada iska ta ɗauke ka."